GARDAMAR LUGUDE A MADOBI

Wata rana da kaka, bayan an gama yankan shinkafa, na sauka Madobi wurin wani abokina malamin makaranta. Da hantsi muna zaune cikin zaure mu uku, da ni, da shi, da wani dattijo tsohon akawu wanda ya fara riƙe alƙalami tun zamanin En'e, sai muka ji taɓarya ta fara sauka cikin turmi a gidan da ke bayanmu. Da fari guda ɗaya ce, tana tafiya a hankali kamar mai ƙidayar kuɗi. Jim kaɗan ta biyu ta shigo, tana faɗawa daidai inda ta farko ta bar fili. Kafin mu ankara ta uku ta biyo, sa'an nan muka fara jin tafi yana ratsa tsakani, da wani ɗan ƙwas-ƙwas na gefen turmi. Ashe kashegari suna za a yi a gidan, mata sun taru suna dakan fura.

Abokina ya ɗaga hannu ya ce, "Ku saurara ku ji kiɗa."

Dattijo ya dube shi ya ce, "Kiɗa kuma, Malam? Daka dai. Maigidan nan alaramma ne, ka sani. In ka isa, tashi ka je ka gaya masa matansa kiɗa su ke yi."

Malam ya ce, "To, Baba, me ya sa ƙafarka ta ke motsi?"

Muka duba, ashe kuwa ƙafar dattijo tana bin taɓare bai sani ba. Aka yi dariya, amma gardama ba ta mutu nan ba, har aka kira azahar ba wanda ya kayar da wani.

Na ga ya kamata in kawo maganar nan gaban masu karatu, musamman malaman makaranta, gama ta fi yadda a ke ganinta nauyi. Abin da jama'a suka yarda kiɗa ne, shi a ke ɗauka a faifai, a sa a rediyo, a rubuta tarihin masu yinsa. Abin da aka ce ba kiɗa ba ne kuwa, ran da ya mutu ko jana'iza ba a yi masa. Ga shi kuwa lugude ya kama hanyar mutuwa.

Kunnen Malam da na dattijo abu ɗaya suka ji, wajen raɗa masa suna suka rabu. Turawa suna da kalma guda wadda ta tattara kiɗa da waƙa da busa duka, Larabawa ma sun ari irinta daga Yunanawa, su kan ce musiƙa. Hausa ba ta da ita. Mu kan ce kiɗa ga abin da hannu ya buga ko ya kaɗa, busa ga algaita da kakaki da sarewa, waƙa ga abin da baki ya rera ko malami ya tsara a takarda. Wasu masana biyu, David Ames da Anthony King, waɗanda suka zauna Zariya da Katsina suna bin makaɗa, sun buga littafi a 1971 na kalmomin kiɗan Hausa zalla. Sunayen ganguna da bushe-bushe da raye-raye sun cika littafi guda, amma duk yawansu ba ka samun kalma ɗaya ta asalin Hausa da ta rufe su gaba ɗaya.

Daɗin daɗawa, a wurinmu kiɗa sana'a ce, kuma galibi gado ce. Kowace ƙungiya da abin kiɗanta: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, mafarauta da garaya, fada da kotso da taushi da jauje, sarki kuwa da tambarinsa wanda ba a buga wa talaka. Makaɗi ya kan kaɗa wa mutum takensa, maroƙi ya yi masa kirari, shi kuwa ya sa hannu aljihu. Saboda haka in Bahaushe ya ce wane makaɗi ne, ya faɗi asalinsa ke nan, da matsayinsa, da inda ya ke samun abinci. Kowa ya san irin kallon da a kan yi wa makaɗi in ya je neman aure gidan malamai, ko da ya fi surukan dukiya. Ka ga dattijonmu ba kurma ba ne. Mutuncin matan alaramma ya ke karewa, don kada wani mai karatun boko ya jefa su sahun maroƙa da kalma ɗaya. A nan kam na ba shi gaskiya.

Akwai kuma wajen addini, wanda ni ba ni da hurumin yanke hukunci cikinsa, malamai suna nan. Abin da zan faɗa tarihi ne kawai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa kaɗe-kaɗen banza na dare da rana cikin al'adun sarakunan Haɓe da ya ke zargi. Amma a wurin nan ɗin ya keɓe ganga wadda a ke bugawa don wani dalili na shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Ganga ɗaya ce, fata ɗaya, hannu ɗaya, niyya ce ta raba su. Daga baya Shehu ya sassauta cikin wasu littattafansa, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa ya fi tsanantawa. Wani Bajamushe mai suna Veit Erlmann ya tattara rubuce-rubucen nan nasu ya buga a 1986.

A Kano ma gardamar ba ta ƙare ba. 'Yan Ƙadiriyya su kan buga bandiri wajen zikiri, Shehu Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, shi ya tsaya masa har ya zama alamar ɗariƙar a birni. Mai buga bandiri ba ya kiran kansa makaɗi, ibada ya ke yi. Wasu malamai kuwa suka ce kiɗa ne, ko da wane suna aka sa masa. Haka kuma baƙon da bai san Musulunci ba, in ya ji ladan da asuba ko mai karatu da tajwidi, zai iya cewa waƙa ya ji, alhali kuwa ba Musulmin da zai yarda da wannan suna. Watau tun can mu ma mun san amon abu bai isa ya raɗa masa suna ba, sai an duba wa ya yi, a ina, don me.

Abin da ke cikin turmi

To, mu koma bayan katanga mu saurara sosai, gama a nan ne na ke ganin Malam ya fi dattijo hujja.

Turmi ɗaya ne, bakinsa ba ya ɗaukar taɓarya biyu lokaci guda. In mata uku za su yi daka cikinsa, tilas kowace ta san lokacinta. Wadda ta yi gaggawa ko ta yi nawa, sai taɓare su haɗu, gero ya watse, wani lokaci har a ji ciwo. Wannan kam larura ce, ba gwaninta ba. Amma dubi abin da su ke ƙarawa. Mace ta kan saki taɓarya sama, ta tafa sau ɗaya ko sau biyu, ta cafe kafin lokacinta ya kewayo, abin da a ke kira mama. Wata ta kan ƙwanƙwasa gefen turmi da bakin taɓarya sa'ad da ta ke fitowa. Tafin nan bai daka ko ƙwayar gero ɗaya ba. Ƙwanƙwasar nan ba ta ƙara wa fura laushi ba, sai ma ƙarin gajiya. To, don wa a ke yinsu? Don kunne.

Mai gaggawa ya kan ce abu ɗaya su ke ta maimaitawa. Wanda ya zauna ya natsu ya san ba haka ba ne. Sa'ad da tsaba ta ke cikin turmi amonta ƙasau-ƙasau ya ke. Tana komawa gari yana yin taushi. In an kai ga kirɓi, an yayyafa ruwa, sai ya zama mai nauyi, kamar ganga daga nesa. Ba wanda zai nuna maka lokacin da ya sauya, sai dai ka farga ya riga ya sauya, kamar yadda inuwa ta ke tafiya a tsakar gida. Har wa yau, in ka zaɓi taɓarya ɗaya ka bi ta da kunne, sai ka ji ita ce uwa, sauran biyun 'yan amshi. Ka sake ta ka kama ta biyu, sai kan kiɗan ya koma can, ka ji kamar an canja salo, alhali matan ba su canja kome ba. Wani lokaci kuma kunnenka ya haɗa tafin wannan da dukan waccan ya fitar da wani ɗan zance wanda ba ɗayarsu da ta yi shi ita kaɗai. Na gwada wannan a zauren Malam, sai da na ji kamar taɓare suna kiran sunana.

Ba mata kaɗai ke da irin wannan ba. Kura, maƙwabciyar Madobi, ba da shinkafa ta fara yin suna ba, da rini ta yi. Rawanin nan mai sheƙi da a ke kira ɗan Kura, da turkuɗi, daga wannan yanki fatake su kan ɗauka su kai Agadas da cikin Sahara wurin Buzaye. Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin girman cinikin tufafin rini na ƙasar. Sheƙin nan kuwa ba a marina ya ke fitowa ba, sai a mabuga. Masu bugu su kan zauna suna fuskantar juna, da ƙaton gungumen itace mai santsi tsakaninsu, a ninke zane a shimfiɗa bisa, a shafa shuni, kowa da gudumarsa ta itace mai nauyi. Wannan ya sauke, wannan ya ɗaga, hannu ɗaya yana juya zane a ƙarƙashin guduma. Wanda ya kuskure lokaci, yatsunsa ne za su biya. Amma su ma, in aiki ya yi daɗi, sai ka ji sun fara yi wa bugun ado, a ninka nan, a tsallake can, har mai wucewa ya rage tafiya. Ba a taɓa kiran mabuga makaɗa ba.

Gangar noma fa? Ita kowa ya yarda kiɗa ce. Ga shi kuwa aikinta ɗaya da na lugude, watau ta haɗa hannuwa wuri ɗaya ta ɗauke gajiya, ran gayya samari su jera, fartanyu su tashi tare su sauka tare. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da kiɗan noma ya fara, gadon ubansa, kafin ya koma kiɗan fada. Bambancin da na gano shi ne, mai gangar noma ba ya noma. An ware shi don kiɗan, kuma a kan ba shi dami ko kuɗi. Watau iyakar da Bahaushe ya shata ita ce: in amon daga jikin aikin ya fito, aiki ne, in an keɓe masa mutum da lada, kiɗa ne. Iyaka ce ta sana'a da zaman jama'a, kunne bai san da ita ba.

Labarin gidan waya

Da gardama ta yi zafi, Malam ya kawo wani labari wanda zai yi wa akawuna daɗi. A 1975 wani Ba'amurke mai suna James Koetting ya shiga gidan waya na Jami'ar Gana ya tarar da ma'aikata huɗu suna buga hatimi bisa kan sarki. Biyu suna zaune a tebur, kowa ya kan mari wasiƙa da tafin hannu don ya jawo ta gabansa, ya dangwala hatimi cikin tawada, ya buga. Amma ba sau ɗaya su ke dangwalawa ba, su kan ninka yadda zai dace da na ɗan'uwa. Na uku yana riƙe da almakashi yana kaɗa shi, ba ya yanka kome. Na huɗu yana fito da baki. Mutane suna shiga suna fita, ba mai kula su. Bature ya ɗauki sautin, yau ga shi cikin littafin da a ke koyar da ɗaliban kiɗa a jami'o'in Amurka.

Dattijo ya yi shiru, sa'an nan ya murmusa ya ce shi ma dai a ofishin En'e, in yana buga takardar haraji da tafireta, ya kan sami kansa yana jera haruffa bisa wani take, har ya jira ƙararrawar ƙarshen layi ta faɗo inda ya ke so. Amma, in ji shi, da wani ya kira shi makaɗi a lokacin, da sun kai gaban alƙali.

Almakashin nan da ba ya yanka kome, shi ne tafin matan alaramma.

Turawa kansu sun sha wannan gardama, kuma ta hanyar Afirka ta shigo musu. Kiɗansu na gargajiya ya dogara ga muryoyi masu hawa da sauka, a fara nan, a yi tafiya mai nisa, a komo. Cikin shekarun 1960 wasu samari a Amurka suka juya wa wannan baya, suka ce za su ɗauki ɗan guntun kiɗa ƙanƙane su yi ta maimaita shi, yana sauyawa kaɗan-kaɗan. Ɗaya daga cikinsu, Steve Reich, ya karanta littafin da wani limamin mishan, A. M. Jones, ya buga a 1959 kan kiɗan Afirka, sa'an nan a 1970 ya tafi Gana da kansa ya yi 'yan makonni yana koyon ganga wurin wani gwani na ƙabilar Ewe, Gideon Alorwoyie, har zazzaɓin cizon sauro ya komar da shi gida. Da ya koma ya tsara wani kiɗa da ya gama a 1971, wanda ya kan kai sa'a guda ana yi, alhali duka an gina shi bisa ɗan salo ɗaya tak. A 1972 kuma ya tsara wani wanda ba ganga ba kome, mutum biyu ne kawai da tafin hannu. Kada ku zaci an karɓe shi hannu biyu-biyu. A 1973 aka yi wani kiɗansa a babban zauren Carnegie na birnin New York, masu sauraro suka yi ta ihu a daina, wai wannan ba kiɗa ba ne, azaba ce. Shi ɗin ne kuma a 2009 aka ba lambar yabo ta Pulitzer, ɗaya daga cikin manyan lambobin ƙasarsu.

Akwai wanda ya wuce nan. John Cage, a 1952, ya sa mai fiyano ya zauna gaban jama'a minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa kome ba, wai tarin mutane da motsin iska da aka ji su ne kiɗan. Ni dai a nan na tsaya, ban bi shi ba. Na fi gamsuwa da John Blacking, wanda ya zauna cikin ƙabilar Venda a Afirka ta Kudu, ya ce cikin littafinsa na 1973 kiɗa sauti ne wanda ɗan Adam ya tsara.

Dattijo, da ya ke tsohon ma'aikaci ne mai kaifin kai, nan ya sami makama. Ya nuna wajen fadama, inda wani injin ban-ruwa ya ke ta tuf-tuf-tuf tun safe, ya ce, "To, Malam, ga sarkin makaɗanku can. Ɗan Adam ne ya tsara shi, ba ya kuskure, ba ya gajiya, maimaici kuwa ya fi matan alaramma. Ku je ku yi masa liƙi."

Malam ya rasa amsa a lokacin. Ni ma sai da na kwana na samu, ga ta kuwa. Inji ba shi da rara. Duk bugun da ya yi na jawo ruwa ne, ba ya ƙara ko ɗaya don daɗi. Na biyu, ba ya saurare. Ka kunna inji biyu gefe da gefe, wannan bai san da wancan ba. Mata uku a bakin turmi kuwa kowace kunnenta yana wurin 'yar'uwarta: in ɗaya ta gaji ta yi sanyi, sauran su rage; in ɗaya ta yi mama, ta gaba ta mayar mata da martani. Inda duk na sami waɗannan abu biyu, rarar da aka yi don kunne da sauraron juna, ni a wurina abin da ke sa kiɗa ya zama kiɗa yana nan, ko an kira shi daka, ko bugu, ko buga hatimi. Ban ce a kira masu yinsa makaɗa ba. Wannan suna na sana'a ne, a bar wa masu shi.

Abin mamaki shi ne, mu da mu ke raina maimaici, manyan makaɗanmu da shi suka ci abinci. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ƙore ne kayan kiɗanta, irin waɗanda ke kowane madafi, wata ma a kife ta bisa ruwa. Shantu kuwa dogon duma ne kawai da cinya da tafin hannu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, in ka saurari kalangansa za ka ji salo guda a ke riƙewa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ba mu lura ba ne don hankalinmu yana wurin magana. Harshenmu mai karin sauti ne, sama da ƙasa, kalangu kuwa ya kan bi karin nan har ya yi zance, saboda haka mun saba tambayar me ganga ta ce. Wadda ba ta ce kome ba sai mu ɗauka wofi ce. Ka cire muryar Shata da 'yan amshi ka bar kalangai su kaɗai, abin da ya rage ɗan'uwan abin nan ne da Turawa su ke sayen tikiti su zauna shiru su saurara.

Ruwan Tiga da abin da ya tafi da shi

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta sauya wannan yanki ƙwarai. Aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙasar da a da ta ke kwana da rani sai ta koma alkama da shinkafa da tumatir da albasa. Inji ya maye gurbin jigo. Kura ta cika da injinan casar shinkafa, kowane ƙauye da injin niƙa. Gayya ta ja baya, ƙwadago na kuɗi ya shigo, maganin ciyawa kuma ya rage aikin fartanya, to, gangar noma wa za ta kaɗa wa? Siminti ya kashe daɓe, da waƙoƙinsa da amon maɗaɓai. Yadin kanti ya rage wa marina da mabuga kasuwa.

Ba kuka na ke yi ba. Matar da ta yi shekara talatin tana tashi da asuba tana surfe, hannunta duk kanta, ba ta kewar turmi, kuma ba ni da bakin ce mata ta koma. Abin da ya dame ni shi ne, waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo suna nan a faifai da kaset da wayar hannu, don an yarda kiɗa ne. Lugude da bugu da daɓe kuwa da wuya ka ji su a rediyo, don ba su da wannan suna. Su ne kuma ba a iya rubuta su a takarda yadda a ke rubuta baitin waƙa. A hannu su ke zaune, in hannun ya tafi sun tafi.

Malaman makaranta su kan yi ƙorafin ba su da kayan koyar da kiɗa. Ga darasi wanda ba ya bukatar ko kwabo. A raba aji biyu, kowa ya riƙa ƙidaya ɗaya zuwa shida cikin zuciya, a yi ta komowa. Rabi su tafa a kan 1 da 3 da 5, rabi a kan 1 da 4. Da fari za a rikice, kowa yana janye ɗan'uwansa. In ya zauna, yara za su ji wani salo ya fito wanda ba ɓangaren da ya yi shi shi kaɗai, uku tana tafiya cikin biyu, su haɗu a kan ɗaya. In sun gwane, a gwada na Reich, mai ƙidaya 12: tafi uku, shiru, tafi biyu, shiru, tafi ɗaya, shiru, tafi biyu, shiru. Ɓangare ɗaya ya riƙe haka ba canji. Ɗaya ɓangaren ya fara tare da su, in an maimaita 'yan lokuta sai ya gusa gaba da ƙidaya ɗaya, ya riƙe, ya sake gusawa, har sau goma sha biyu, sai ga su sun komo sun haɗu inda suka fara. Bayan wannan, malami ya aiki yara gida su tambayi kakanninsu yadda a ke shiga lugude. Mai wayar hannu kuma, in maigida da matan sun yarda, ya ɗauki sautin ya ajiye, ya rubuta gari da shekara.

Da la'asar ran nan, uwar alaramma, wata tsohuwa mai ƙarfin jiki, ta shigo zaure da ƙwaryar fura ta kawo wa baƙi. Muka gaishe ta, Malam ya ce, "Iya, gardama mu ke tun hantsi. Abin nan da kuka yi ɗazu, kiɗa ne ko daka?"

Ta ce, "Kiɗa? Wa ya ba mu ko sisi? Lugude ne, ɗan nan."

Dattijo ya gyara zama, ya dubi Malam.

Malam ya ce, "To, Iya, tafin fa? Shi ma fura ya ke dakawa?"

Ta yi dariya ta ce, "In ba tafi ai daka ba ta da gishiri. Da ƙuruciyata, daga bakin rijiya a kan gane ni ce a turmi." Ta ɗan yi shiru, ta ce cikin jikokinta mata bakwai guda ɗaya ce ta iya shiga tsakanin taɓare biyu ba ta yi karo ba, ita ma an sa ranar aurenta, birni za a kai ta.

Ta ajiye ludayi ta koma ciki. Dattijo ya jawo ƙwarya ya fara damawa.